Yadda Labarin Filibus Ya Ƙare

Ran kasuwar Tanut ko ta Belbeji, ku tsaya gefe ku dubi jama'a. Za ku ga Abzinawa da rawunansu, sun ja amawali sun rufe baki da hanci, idanu kaɗai ake gani. Ba wanda ke jin tsoronsu don haka. A Damargu, namiji ya rufe fuskarsa alama ce ta girma da kunya. Matansu kuwa suna tafe da fuska a buɗe.

A ƙasashen Turawa ba haka abin yake ba. Can, idan mutum ya rufe fuska, sai a ce yana da abin da yake ɓoyewa. A cikin wasanninsu ɓarayi da ƴan fashi ne ke ɗaura wani ɗan baƙin ƙyalle mai huda biyu a kan idanu. Baki da hanci suna waje, kewayen idanu ne a rufe. Kun ga ke nan sun juya amawali.

Yau za mu yi zancen wata mace da ta ɗaura irin wannan ƙyalle a cikin wani tsohon fim. Sunanta Filibus, kuma shi ne sunan fim ɗin. An yi shi a ƙasar Italiya a shekarar 1915. Abin da ya fi jan hankali a cikinsa shi ne ƙarshensa. Amma kafin mu kai can, sai mun san irin sinimar wancan zamani.

Sinima bebe

Ranar 28 ga Disamba 1895, wasu ƴan'uwa biyu, Auguste da Louis Lumière, suka nuna wa jama'a hotuna masu motsi a birnin Paris, kowa ya biya kuɗin shiga. A lokacin Faransawa ba su ma kama Damagaram ba tukuna, sai a 1899. Hotunan suna motsi, amma ba su magana. Haka sinima ta zauna fiye da shekara talatin. Da Faransanci ana ce da ita cinéma muet, wato sinima bebe. Sai a 1927 aka fara jin muryar ƴan wasa a wani babban fim na Amurka.

To, yaya ake gane labari in ba a jin magana? Ƴan wasa suna yin ta da jiki: su zare ido, su dafa ƙirji, su nuna ƙofa da yatsa. In abin ya fi ƙarfin hannu da ido, sai hoto ya ɗauke, a nuna rubutu a kan baƙin fili kamar allon ajinku. Mutane su karanta, sannan hoto ya komo. A gefe kuma akwai mai kiɗa, yana bin labarin. In ana gudu ya hanzarta, in ana kuka ya sassauta.

Wannan rubutu ya sa fim bebe yana da sauƙin tafiya ƙasa-ƙasa. In an kai shi inda ba a jin harshen masu shi, sai a yanke allunan rubutun, a liƙa waɗansu da harshen mutanen wurin. Shi ke nan, fim ya koyi sabon harshe. Aikin da kuke yi a aji, daga Hausa zuwa Faransanci, daga Faransanci zuwa Hausa, shi masu sinima suke yi da almakashi. A Arewacin Nijeriya, zamanin Turawan Ingila, motocin majigi sun riƙa zagaya garuruwa, wani mutum yana tsaye kusa da farin ƙyalle yana yi wa jama'a bayani da Hausa.

Launi ma da dabara aka same shi. Hoton baƙi da fari ne, sai a tsoma zaren fim ɗin cikin rini, kamar yadda marina ke yi wa tufa. Shuɗi yana nufin dare ya yi. Ja yana nufin gobara ko tashin hankali.

Ɓarauniya daga sama

Kamfanin Corona Film na birnin Turin ne ya yi Filibus. Mario Roncoroni ya shirya shi, Giovanni Bertinetti ya rubuta labarin. Tsawonsa awa ɗaya da ƴan mintoci.

Labarin ya soma da sata. An fasa wani babban banki, an kwashe kuɗi. Ba wanda ya ga ɓarawon, sunansa kawai aka sani: Filibus. Aka sa lada mai yawa ga duk wanda ya kama shi. Kowa yana cewa "shi", don ba wanda ya kawo wa ransa cewa mace ce.

Wani shahararren ɗan sandan ciki, Kutt-Hendy, ya je ya ba da sunansa. A nan ya gamu da wata mace mai dukiya da sarauta, ana ce da ita Barones Troixmonde. Ita ma ta zo neman ladan. Ta dubi Kutt-Hendy ta ce za ta nuna wa duniya cewa shi da kansa ne Filibus. Wa zai ɗauki wannan magana da gaske?

Da ta fita, ta yi alama zuwa sama. Sai ga wani jirgi ya sauko daga cikin gajimare. Ba irin jirgin sama mai fukafukai da kuka sani ba ne. Wata ƙatuwar jaka ce doguwa, kamar salka cike da ruwa, amma ita an cika ta da wata iska wadda ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi. Shi ya sa take tashi. A ƙarƙashinta akwai wurin tsayawar mutane da inji. Yaran jirgin suka zuro wani abu kamar guga da igiya, Barones ta shiga, suka jawo ta sama. Can ta tuɓe kayan mata, ta sa na maza, ta ɗaura baƙin ƙyalle. Ashe ita ce Filibus.

Ba banza Italiyawa suka sa irin wannan jirgi cikin wasa ba. A 1911 sojojinsu suka faɗa wa Tarabulus, garin da hajar ayarin Damargu da Damagaram ke kaiwa bayan ta ƙetare hamada. A wannan yaƙi ne aka fara jefo bom daga jirgin sama, kuma a 1912 suka yi amfani da jirage masu jakar iska. A Italiya jaridu suna ta yabon jiragen. Mutanen da aka jefa wa bom ɗin ba a tambaye su ba.

Daga nan sai wasan kura da akuya, sai dai a nan ba a san wace ce kurar ba. Filibus ta sauka gidan Kutt-Hendy, ta sa shi barci da magani, ta ɗauki zanen tafin hannunsa. Da shi ta yi safar hannu. Kun san zanen yatsun kowane mutum daban yake, shi ya sa ake dangwala yatsa a takarda. Yanzu duk abin da ta taɓa da safar nan, hannun Kutt-Hendy ne zai fito.

Ba ta tsaya nan ba. Kutt-Hendy yana da ƴar'uwa, Leonora. Filibus ta sa yaranta suka sace ta. Ita kuma ta yi shigar wani saurayi ɗan sarauta mai suna Kwant de la Brive, ta zo ta "cece" ta. Kutt-Hendy ya yi ta godiya, ya buɗe wa baƙon ƙofar gidansa. Ga Barones, ga Filibus, ga Kwant: mutum uku, jiki ɗaya.

Akwai wani abokin gidan, Leo Sandy, mai tara kayan tarihi, wanda yake son Leonora. Yana da gunkin kyanwa na tsohuwar Masar, idanunta biyu na lu'ulu'u. Filibus ta bar takarda cewa za ta zo ta ɗauke su. Kutt-Hendy ya ɗana tarko. Ya cire lu'ulu'un gaske ya sa na ƙarya, ya kuma ɓoye wata ƴar ƙaramar na'urar ɗaukar hoto a jikin kyanwar. Amma Filibus ta gane. Ta sa aka ɗauke Sandy zuwa jirginta. Ta sake sa Kutt-Hendy barci, ta kawo shi gaban kyanwar, na'urar ta ɗauki fuskarsa. Ta nemo lu'ulu'un gaske, ta ajiye ɗaya a ɗakinsa.

Da aka wanke hoto, sai ga mai neman ɓarawo a ciki. Ga hannunsa, ga hotonsa, ga kayan sata a wurinsa. A ganina nan ne wuri mafi ban tausayi a fim ɗin, domin shi kansa Kutt-Hendy ya fara shakkar kansa. Ya ce ko dai yana tashi cikin barci ne ya yi sata bai sani ba? Shaidu uku sun taru a kansa, kuma duk ukun ƙarya ne.

Ƙarshen wasa

Wanda ya fid da shi shi ne Leo Sandy. Ya sami laimar sauka a cikin jirgin, ya yi tsalle, ya iso ƙasa lafiya. Ya ba da labarin abin da ya gani. Aka wanke Kutt-Hendy daga zargi.

Yanzu Kutt-Hendy ya san abu ɗaya: ɓarawon nan yakan zo ya sa shi barci. Sai ya shirya. Da Filibus ta komo, maganin bai kama shi ba. Ya yi likimo. Da ta matso, ya yi wuf ya cafke ta, ya fizge baƙin ƙyallen.

Ku tsaya nan ku yi tunani. A yawancin labarai irin wannan, in an cire ƙyallen fuska magana ta ƙare. An ga mutum, an san sunansa, sai hukunci. Masu kallo suna jiran wannan lokaci tun farko, kamar yadda ake jiran buɗar kan amarya.

Kutt-Hendy ya dubi fuskar ya gane ta. Wa ya gani? Kwant de la Brive, baƙon da ya ci abinci a gidansa. Ya yi murna ya gano gaskiya. Mu da muke kallo mun san bai gano ba. Babu wani mutum mai suna Kwant de la Brive. Ya cire ƙyalle ɗaya, ya tarar da wani a ƙarƙashinsa, bai kuwa san ƙyalle ba ne. Har a wannan lokaci bai san mace ce a hannunsa ba.

Za ku ce, ai ya taɓa ganin Barones ido da ido, yaya ya kasa gane ta? Tambayar tana kan hanya. Masu fim sun ɗan yi mana wayo a nan. Amma akwai gaskiya a ciki. Mutum yakan ga abin da ya sa rai zai gani. Kutt-Hendy namiji yake nema tun ranar farko, saboda haka namiji ya gani.

Ya ɗaure ta, ya kulle ƙofa, ya tafi kiran ƴan sanda. Ya tsare ƙofa, ya manta da sama. Filibus ta ja jiki ta kai taga, ta yi wa jirginta alama. Yaranta suka zuro gugan nan. Kafin ƴan sanda su iso, ɗaki ya zama wayam.

Bayan ƴan kwanaki Leo Sandy ya nemi auren Leonora, ta yarda. Ana cikin murna sai ga wasiƙa ta faɗo daga sama. Filibus ce take sanar da Kutt-Hendy cewa wataƙila za su sake gamuwa. Can cikin gajimare kuwa tana dariya, dukiyar da ta sata tana gabanta. Nan fim ya ƙare.

Ku lissafa abin da kowa ya samu. Leonora ta sami miji. Sandy ya sami mata, amma ya sha wuya. Kutt-Hendy ya sami sunansa da ya ɓaci, bai sami ɓarawo ba. Filibus ba a kashe ta ba, ba a ɗaure ta ba, ba ta tuba ba, ba ta yi aure ba, ba a ma san ko wace ce ita ba.

Me ya sa wannan ƙarshe ya zama abin magana?

Domin ba haka aka saba ba. Mai shirya labari in ya sa mace ta ɗaura ƙyalle ta fita daga doka, yakan ji dole ya komo da ita kafin a tashi. A Faransa, a 1915 da 1916, Louis Feuillade ya yi wani dogon fim mai kashi goma, Les Vampires, labarin wata ƙungiyar ɓarayi ta Paris. A cikinsu akwai Irma Vep, mai baƙaƙen kaya tun daga kai har ƙafa, wadda ƴar wasa Musidora ta fito a matsayinta. Mutane sun so ta ƙwarai. Duk da haka a kashi na ƙarshe harbe ta aka yi.

A Indiya kuma akwai Diler Jigar, fim bebe da aka yi a birnin Pune a 1931. Wata yarinya mai suna Saranga ta rufe fuska ta yaƙi azzalumin sarki da ya ƙwace gadon sarauta. A ƙarshe aka gane masoyinta shi ne ɗan sarki na gaskiya, ya hau gadon ubansa, suka shirya, ƙyalle ya gama aikinsa. Ƴar wasan ita ce Lalita Pawar. Masu kallon finafinan Indiya na da sun san ta da fitowa a muguwar uwar miji, ba su san ta taɓa riƙe takobi ba.

Daga baya a Amurka har ƙa'ida masu sinima suka kafa, suka tsananta ta daga 1934: kada a nuna mai laifi ya ci riba. Da Filibus ta faɗo a wannan zamani a can, da wuya a bar ta ta tsere.

Ku tuna kuma da halin matan Italiya a 1915. Ba su jefa ƙuri'a, sai a 1946 suka fara. Matar aure ba ta da ikon sayar da gidanta ko gonarta sai da izinin miji, kuma ba a soke wannan doka ba sai a 1919. A irin wannan ƙasa aka nuna mace tana ba maza umurni a jirgin sama, tana juya babban ɗan sanda kamar waina.

Kada ku ɗauka Filibus mutuniyar kirki ce. Saranga don jama'a ta yi yaƙi. Filibus don kanta take sata, ba ta raba wa talakawa ko dala. Ta ɗora wa marar laifi laifi, ta yaudari Leonora. In da a Gangara ko Olelewa ta kore wa wani raƙumansa, ba wanda zai yi dariya. Amma a wurin kallo sai ka ji zuciyarka tana bayanta. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare ku. Kun san Gizo. Maƙaryaci ne, ga haɗama, yana cutar zaki da kura, wani lokaci har da Ƙoƙi matarsa. In asirinsa ya tonu, sau da yawa sai ya haye sama ya maƙale inda hannu ba ya kaiwa. Kuna dariya, kuna so a ƙara muku wata, amma ba wanda ke so a ce masa Gizo. Wayonsa muke sha'awa. Kuma in aka kashe shi yau, gobe da dare wa za a ba da labarinsa?

Masu fim ɗin ma da alama haka suka yi tunani. Wasiƙar da ta faɗo daga sama ƙofa ce suka bari a buɗe, don su yi wani fim in wannan ya karɓu. Ba a yi shi ba. A watan Mayu 1915 Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma bayan ƴan shekaru kamfanin Corona Film ya daina aiki. Filibus da Kutt-Hendy ba su sake gamuwa ba.

A Nijar ma an taɓa ganin mace cikin ƴan ta'adi a sinima, sai dai fim ne mai magana. A 1966 Mustafa Alasan ya yi Le Retour d'un aventurier. Wani saurayi ya komo daga tafiya da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka dami ƙauyensu. Mace ɗaya ce a cikinsu, Zalika Sule ta fito a matsayinta. Daga baya ta yi ta fitowa a mace marar jin magana, har waɗansu mutane suka ɗauka halinta ne na gaske, suka riƙa ƙyamar ta. Sun kasa raba ƴar wasa da rigar da aka ba ta ta sa. Ta rasu a 2021.

Yadda fim ɗin ya tsira

Yawancin finafinan zamanin bebe sun ɓace. Zaren da ake ɗaukar su a kai yana kama wuta da sauri, in ya tsufa kuma sai ya narke ko ya zama gari. Da sinima mai magana ta zo, kamfanoni da yawa suka zubar da tsofaffin, suna ganin ba su da sauran amfani. A Amurka an ƙidaya a 2013, aka tarar wajen kashi 70 cikin 100 na manyan finafinansu na bebe babu su.

Filibus ya tsira ne saboda wani mai gidan sinima a ƙasar Holand, Jean Desmet. Mutum ne da ba ya zubar da kome. Yana sayen finafinai daga ƙasashe yana ba da su haya, in sun gama zagaye ya ajiye. Ya rasu a 1956, daga baya aka miƙa kayansa ga gidan adana finafinai na Amsterdam. A cikinsu aka sami Filibus, da rininsa, da allunan rubutu cikin harshen Holand. A 2019 aka fito da shi a gyare, aka sake juya allunan zuwa wani harshe, aka yi masa sabon kiɗa.

Wajen wannan gyara ne aka gano wani kuskure. Shekaru da yawa littattafai suna cewa Cristina Ruspoli ce ta fito a Filibus. Da masu bincike suka gwada hotuna, sai suka ga Cristina Ruspoli ita ce Leonora. Wadda ta ɗaura baƙin ƙyallen, ta zama Barones, ta zama Kwant, wata ƴar wasa ce da ba a san ta sosai ba. Sunanta Valeria Creti.